Yadin Agola

Torquil Morrison ya haura shekara hamsin bai taɓa mallakar kilt na kansa ba, wato zanen gargajiya mai ninki da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa a ƙugu. In biki ya taso haya yake yi kamar yawancin mazan tsibirin Lewis, ya ɗaura abin da wani ya yi gumi a ciki makon jiya, ya mayar ranar Litinin. Amma wannan karon 'yarsa Marsaili ce amarya, ta kuma rantse ba za ta shiga coci riƙe da hannun mai kayan haya ba. Abin da ya kai shi shagon Ishbel tela ke nan a Stornoway.

Tsohuwar ta zagaya ƙugunsa da tef, ta dubi lamba, ta dube shi.

"Saki cikin nan, ɗan nan. Ba ni za ka aura ba."

Ya saki. Ta sake aunawa, ta yi tsaki, sannan ta zaro wani ƙyalle daga cikin samfura ta shimfiɗa kan tebur: kore mai duhu, da siririn jan layi ya ratsa shi, saƙar dangin Morrison. Ba ta tambaye shi ba, don tela ba ta tambayar mutum sunan ubansa sau biyu.

"Saura ninkin baya," in ji ta. "Ko dai in bi zanen, baya ya fito tamkar gaba, duk wanda ya biyo ka ya san ɗan gidan wa ne. Ko kuma in bi layi ɗaya irin na soja, zanen ya shige cikin ninki, sai layuka kawai a tsaye."

"Gwaggo, akwai na Macaulay?"

Ishbel ta cire tabarau.

Torquil malamin tarihi ne. Ya san masu masaƙun kudu ne suka raba wa dangogi yawancin waɗannan launuka don kasuwa ta yi kyau, kuma kowace shekara yana gaya wa ɗalibansa haka yana murmushin masani. Sanin bai hana shi tambayar ba.

Yana ɗan shekara huɗu ubansa ya tafi Kanada neman aiki. Da alama ya samu, don bai dawo ba. Uwarsa ta auri Murdo Macaulay na Uig, tsohon soja mai kiwon tumaki, abin da ya ba mutane abin tauna na tsawon damina biyu, saboda Morrison da Macaulay sun taɓa kashe juna kan shanun da yanzu ba wanda ya tuna launinsu. Murdo ya ci da yaron, ya tufatar da shi, ya koya masa aske tunkiya, ya sayar da raguna ya tura shi jami'a. Bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Bai kuma taɓa ce masa ɗana ba. "Morrison" yake kiransa, kamar ana kiran suna a fareti. Allah bai ba su haihuwa da uwar ba, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Abin da Torquil yake so, da furfurarsa da komai, shi ne ranar bikin nan a gan shi a cikin jan yadin mutumin da ya rene shi, da yardar mutumin.

"Akwai," Ishbel ta ce. "Ba kuma dokar da ta hana. Ko baƙin da jirgi ke saukewa suna saye. Amma kai ba baƙo ba ne, tsohon kuma yana da rai. Je ka tambaye shi. Ba zan ɗinka abin da zai cika coci da raɗa ba."

Ya tafi ranar Asabar, tunda Lahadi a Uig ko shanya ba a yi. Ya tarar da Murdo gaban murhu, karensa kwance kan ƙafarsa, idanun Murdo sun yi fari-fari da tsufa.

"Morrison. Motarka na ji tun daga gada. Har yanzu ba ka iya canza giya ba."

"Ina wuni, Murdo. Ya ƙafar?"

"Tana nan inda na bar ta. Ɗora ruwan shayi."

Suka sha shayi da busasshiyar wainar hatsi. Suka yi maganar farashin ulu, da sabon fasto wanda huɗubarsa ta yi gajarta har an fara zargin imaninsa. Sai da kofi na biyu ya huce Torquil ya ce, yana kallon kare, "Na je wurin Ishbel. Ina tunanin in ɗauki na Macaulay. In ba damuwa."

Tsohon ya daɗe yana tauna.

"Mene ne sunanka?"

"Ka sani."

"To, shi ke nan."

"Mutumin da ya ba ni sunan nan ko kati bai taɓa aiko min ba, Murdo."

"Na sani, ni ke karɓo wasiƙun gidan nan." Ya ajiye kofi. "Ubanka mutumin banza ne, Allah ya gafarta masa in ya mutu, in kuma bai mutu ba ya yi haƙuri. Amma na auri matarsa. Ranar da na ɗauke ta na ce iyakar abin da zan ɗauka ke nan. Ba zan ƙara da sunan ɗansa ba."

"Ba kai ka ɗauka ba. Ni na kawo."

"Duk ɗaya ne wurin masu kallo. Kuma duk ɗaya ne wurina."

Torquil ya ji kunnuwansa sun yi zafi, irin zafin da ya ji yana yaro ranar da wani a makaranta ya fara kiransa agola. Ya miƙe ya kwashe kofuna ya wanke, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa. Ta taga yana hango tumaki sun juya wa iska baya. Ya goge hannu, ya laluba makullin mota.

"Wane ninki ta ce za ta yi maka?" Murdo ya tambaya daga kujerarsa.

"Ban zaɓa ba. Mai bin zane, ina jin."

"Ninkin masu sayar da inshora ke nan. Shiga ɗakina, buɗe akwatin ƙarƙashin gado."

A cikin akwatin, ƙarƙashin barguna masu warin kafur, kilt ɗin sojan Murdo ne, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Asu ya ɗan taɓa gefe. Ninkin kuwa yana nan da kaifinsa, farin layi ɗaya tsaye a kan kowanne. Torquil bai taɓa ganin an fito da shi ba sai ranar jana'izar uwarsa.

Murdo ya karɓa ya ɗora a cinya, ya bi ninkin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, tunda ido ya daina aiki.

"Kai mata wannan ta gani. Haka za ta yi maka, zurfin nan, faɗin nan, kada ta yi maka ƙwauron yadi. Gaba na Morrison ne, haƙƙin ubanka ne, ban isa in taɓa ba. Ninki kuwa ba na dangi ba ne. Wanda ya koya maka tsayuwa shi ke zaɓa."

Torquil ya tsaya riƙe da makulli. Ba abin da ya zo nema ba ne. Ya san kuma tsohon ya kai iyakar abin da zai iya bayarwa, ko da za su sake shekara arba'in gaban murhun nan.

"In dawo da shi kafin biki?"

"Da me zan zo, da bargo? Dawo da shi. Ka kuma ce mata ta rage min ƙugu, na rame." Ya miƙa masa. "Riƙe da hannu biyu, Morrison, ba buhun dankali ba ne."

Ya riƙe da hannu biyu. A mota ya shimfiɗa shi a kujerar baya don kada ninkin ya karye, ya tayar, ya sa giya a hankali har ya wuce gada.