Jirgin da Ya Kasa Isa Gida

Tun da Munsif ya zama kyaftin na farin jirgin ruwan shaƙatawa da attajirai ke haya, burinsa ɗaya ne: mahaifiyarsa Mabruka ta gan shi yana tuƙa shi. Ranar da baƙinsa suka yarda a biya ta tsibirin su Munsif, Karkana, sai ya tarar ruwa ya janye, dole ya tsaya can nesa, inda idon tsohuwa ba ya kaiwa.

Yana cikin cizon yatsa sai ga kwalekwalen kawunsa tafe, Mabruka a zaune tsakiya, rungume da tukunyar kuskus da kifi.

Aka kamo hannunta ta hau. Ta dubi jirgin sama da ƙasa.

"Ɗan nan, duk girman nan nasa, ya kasa isa ƙofar gidanmu?"

"Umma, ruwanku ne bai kai ba."

"Ruwanmu? Shi ya raine ka, marar kunya!"

Da aka fassara wa baƙi, suka tuntsire da dariya, suka kewaye tukunya. Ita kuwa ta haye kujerar kyaftin, ta gyara mayafi.

"To, direba, zaga da ni. A hankali dai, maƙwabta su gani."