Fuskar Baba Shekari

Damaris ta sake danna maɓallin, shafin ya yi fari fat, 'yar alamar nan ta ci gaba da juyawa abinta. Shagon intanet ɗin Nicholas a Makera ɗaki ɗaya ne, kamfutoci jere a jikin bango, ga fanka a sama mai yawan ƙara da rowar iska. A kujerar gefenta wani mutum yana neman sakamakon jarrabawar 'yarsa, in ya danna sai ya yi tsaki.

"Nicholas, yau ma sabis ɗin naku ya tafi hutu ne?"

"Sista, yi haƙuri, yana zuwa. Tun safe haka yake mana wasa. Ki dai bar shi ya yi lodin, kar ki taɓa."

Tun farkon damina take zarya a shagon nan. A wata makarantar koyon fim da ke Afirka ta Kudu ta nemi gurbi, digiri na biyu, kuma sun ce cikin watan nan za su aika wa waɗanda suke son ganawa da su saƙo. Wanda bai ji komai ba, to, shirun shi ne amsarsa. Abin da ya sa jiran ya zama azaba ke nan, don ba ka san ranar da za ka daina ba. Har Nicholas ya sa mata suna Madam Intabiyu, in ta shigo ba ya tambayarta, tikiti kawai yake yago mata.

Wasan kwaikwayo ta karanta a jami'a. Da ta gama bautar ƙasa ta yi yawon neman aiki har takalminta ya cinye, daga ƙarshe ta rungumi kyamara. Shekara ta biyar ke nan da komawar sojoji bariki, gari ya cika da taruka, ga biki, ga suna, ga ƙaddamar da wannan da buɗe wancan, ga jana'iza wadda ita ba ta hutu. Sana'ar kuwa doka ɗaya gare ta: kowa ya fito. Sahu-sahu za ka bi, fuska bayan fuska, domin wanda ya baro aikinsa ya zo jana'iza yana so a san ya zo. Damaris tana bin dokar, amma a ranta ta raina ta. Tana ganin an halicce ta don abin da ya fi bin kujeru.

Yau dai ba saƙon kaɗai ke damunta ba. A cikin jakarta akwai kaset, kuma yau da la'asar za ta kai shi Gonin Gora.

Kaset ɗin jana'izar Baba Shekari ne, ƙanen mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana firamare, shi da matarsa Mama Ruth. Shi ne ma ya samo mata kyamarar, ta hannu, a wajen wani abokinsa. Ana saura kaɗan Ista ya rasu. Ranar da za a wuce da shi ƙauye, aka ajiye akwatin a ƙofar gida aka buɗe, jama'a suka yi layi suna zagayawa don ganin ƙarshe. Damaris ta matso da kyamara a kafaɗa, ta saita ta a kan akwatin. Sai ta hango Mama Ruth ta wutsiyar ido, tsaye, mata biyu sun riƙe ta, ta kau da kai gefe, idanunta a rufe, leɓunanta suna motsi, hannunta ɗaya yana ta gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Kafin Damaris ta yi shawara da zuciyarta, kyamara ta riga ta juya. A kan fuskar matar ta tsaya, ba ta motsa ba, sai da ta ji ƙarar murfin akwati.

In za a faɗi gaskiya, daɗi ta ji a lokacin. Ta san ta kama abin da ba a samu sau biyu. Wannan yankin ta yanko, ta haɗa da waƙar matan Zumunta na coci da hoton kujerun da aka watse aka bari, ta aika wa makarantar a matsayin shaidar aikinta.

Bayan an dawo daga ƙauye ne Mama Ruth ta kira ta ɗaki. "Ni ban iya dubansa ba," in ji ta. "Na ce a raina, ai Damaris tana ɗauka. In na sami ƙarfi zan zauna in gan shi a hankali."

Damaris ta ce to. Ta bi duk wanda ta sani ko akwai wani mai hoto a wurin, babu, mai hoton yana ƙauye yana jira, can kuwa ba a sake buɗe akwati ba. Daga nan sai ta shiga kawo dalilai. Yau an ɗauke wuta, gobe injin tacewa ya lalace, jibi mai injin ya yi tafiya. A can ƙasan ranta tana jiran makarantar ne, kamar in sun ce abin ya yi kyau laifin zai ragu. To, Benson, babban ɗan Mama Ruth, ya zo daga Lafiya, tsohuwar kuma ta yanke rana da bakinta. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Shafin ya buɗe. Saƙo ɗaya ne sabo, sunan makarantar a kai.

Ta karanta shi a tsanake, ta koma ta sake. Suna gayyatarta ganawa ta waya ranar Alhamis. A ƙasa wata malama ta ƙara 'yan layuka da kanta. Ta ce sun daɗe suna magana a kan wurin nan da kyamara ta bar mamacin ta koma kan matar, ta ce ba kowane mai ɗauka ke da wannan ƙarfin halin ba, kuma za su so su ji daga bakinta dalilin da ya sa ta yi haka.

"Ya shigo?" in ji Nicholas, ya leƙo ta kafaɗarta ba tare da an gayyace shi ba. "Kai! Madam Intabiyu! God don do am! Yau sai kin saya mana minaral."

"Buga mini shi a takarda," ta ce.

Ta ninke takardar ta sa a jaka kusa da kaset ɗin. Ta yi zaton in ranar nan ta zo za ta yi tsalle. Abin da ta ji kawai shi ne yunwa, don ba ta karya ba.

A bas ta sami gefen taga. Suka ratsa Kakuri, suka wuce dogayen katangun masaƙu, suka hau titin Abuja. Kwandasta yana faɗa da wata mata a kan buhun masara, Damaris kuwa tana shirya amsarta da Turanci. Za ta ce musu mamaci ya gama nasa labarin, mutuwa a fuskar mai rai ake ganinta. Ta juya maganar, ta rage nan ta ƙara can, har ta zauna daram. Ta ji daɗin yadda ta fito.

Ta sauka inda masu doya da burodi ke tare motoci, ta bi lungu. Tun daga nesa ta ji ƙarar janareta, Benson ya aro don kada masu wuta su yi halin nasu. Falon ya cika. Matan Zumunta sun mamaye kujeru, maƙwabta a bakin ƙofa, an yaye farin lesin da ake rufe talabijin da shi an ninke a gefe. Mama Ruth ta ja kujerarta gaba dab da allon, ta sa tabarau, ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi ranar godiya.

"Sannu, Mama. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike, dubi bakinki. To sa mana, kya ci daga baya."

Benson ya karɓi kaset ya tura. Farkon duk yadda aka saba ne, don Damaris ta bi doka sahu-sahu. Nan take falo ya kaure. Wannan ta ce ga ta nan, waccan ta ce ita bayanta kawai aka ɗauka, wata ta lura matar wane ta zo jana'iza da jan baki. Aka yi dariya, aka yi jimami, aka amsa amin tare da faston da ke cikin talabijin. Mama Ruth kuwa hannuwanta a kan gwiwa, jira take.

Sai ga akwatin. Ga maza suna ɗaga murfi. Mama Ruth ta sunkuyo gaba. Aka ga gefen katako, da farin yadin ciki, da kan takalmi baƙi. Daga nan hoton ya zame hagu ya tsaya a kan wata tsohuwa mai rufaffun idanu tana gyara ɗankwali.

Aka jira. Hoton bai koma ba. Damaris ta san tsawon wurin nan, ta kalle shi ya fi a ƙirga, amma bai taɓa yi mata tsawo kamar yau ba. Sai ƙarar murfi.

"Ina Baba?" in ji Benson. "An yanke ne? Ko yana gaba?"

"Ba ya gaba, Yaya."

"Ban gane ba. To yana wane kaset?"

"Babu wani kaset. Ban ɗauka ba."

Wata daga cikin matan ta ce Yesu, a hankali. Benson ya miƙe tsaye. "Kina tsaye a kan akwatin! Da idona na gan ki! Mutumin da ya ba ki kyamarar, Damaris? Shi ne tun Ista kike yawo da hankalin tsohuwar nan, yau wuta gobe inji?"

"Benson, zauna," in ji Mama Ruth, ba ta ko waiwayo ba. "Mayar mini baya."

Ya tsuguna gaban injin ya mayar. Aka sake kallon katako, da yadi, da takalmi, da tsohuwa. Wannan karon Mama Ruth ta kalli matar cikin allon sosai, yadda ake kallon baƙuwar da aka taɓa gani a wani wuri.

"Ashe haka na tsufa," ta ce. "Shi bai taɓa gaya mini ba."

Matan suka fara tuna sun bar tukunya a wuta, ɗaya bayan ɗaya suka yi sallama. Benson ya mayar da falon kan wutar gari, ya fita ya kashe janareta, aka ji shi yana jan ta da ƙarfin da ya wuce bukata. Falon ya rage su biyu.

Damaris ta durƙusa gefen kujerar. Ta buɗe baki, amsar cikin bas ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Ba maganar da ake faɗa wa wannan matar ba ce. "Mama, ki yafe ni," kawai ta iya cewa.

"Tashi, ƙasa da sanyi." Tsohuwar ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane. "Takalmin nan ni na goge shi. Na gan shi, ya yi kyau." Ta mayar da tabarau. "Wannan ne kika aika wa mutanen makarantar taki?"

"Shi ne."

"Sun gani?"

"Sun gani. Yau suka amsa. Suna so su yi magana da ni ranar Alhamis."

"Me suka ce?"

Damaris ta dubi tabarmar ƙasa. "Sun ce ya yi kyau."

Mama Ruth ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin doya. "To Ubangiji ya ba da sa'a. Da yana nan da ya cika unguwa da labari." Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta danna injin, kaset ya fito. Ta warware farin lesin ta rufe talabijin, ta daidaita gefensa, sannan ta miƙa wa Damaris kaset ɗin.

"Naki ne, Mama. Don ke na kawo."

"Tafi da abinki. Wannan fuskar ina da ita a madubi." Ta nufi ƙofar kicin. "Zo ki ci tuwo kafin ki tafi."

Ta ci, don ba ta da bakin cewa a'a. Da ta fito rana ta yi sanyi, masu burodi suna bin motocin Abuja da gudu. Ta tsaya bakin titi tana jiran bas ɗin Makera, jaka a hammata, kaset da takarda a ciki. Don ta rage wa kanta tsayuwa sai ta sake bitar amsar nan daga farko har ƙarshe, ko wani abu ya ɓaci a cikinta. Tana nan lafiya lau, ko kalma ɗaya ba ta bukatar gyara. Ranar Alhamis ita za ta ba su, kuma ta san za su so ta.