Tafinta Mai Rariya

Wata uku da zuwan Hajiya Ɗija garin Silver Spring na Amurka daga Kano wurin 'yarta Najiba, babu wanda ta shaƙu da shi kamar maƙwabciyarsu, Mama Dorkas. Tsohuwa ce baƙar fata 'yar Amurka, wadda tun tana budurwa take jan zanga-zangar neman 'yancin baƙaƙe a garinsu, har sau biyu aka tsare ta. Hajiya ba ta jin Turanci, Mama Dorkas ba ta jin Hausa, amma kullum da la'asar suna baranda suna ƙyalƙyala dariya, Najiba a tsakiya tana tafinta.

Sai dai tafintar tana da rariya. Ranar da Mama Dorkas ta nuna hotonta riƙe da tuta mai launin bakan gizo, tana cewa wanda ya sha duka don 'yancin kansa ba ya hana masu auren jinsi nasu, Najiba ta ce wa uwarta tsohuwar tana son kaloli ne. Da Mama Dorkas ta ambaci mijin Markus, ɗanta, Najiba ta ce abokinsa ne. Tsoronta kada Hajiya ta gane, ta naɗe tabarmar zumunci, ko ta faɗi maganar da ba ta goguwa.

Ranar wata Talata Mama Dorkas ta rasu. Hajiya ta yi kukanta, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce a tashi a je ta'aziyya. Najiba ta kawo uzurin aiki, ta kawo na ciwon kai. Hajiya ta ce ƙofa uku ce tsakani, kan ba zai faɗi a hanya ba.

Falon ya cika da tsofaffin abokan gwagwarmaya, kowa da sandarsa da labarinsa. Markus ya taso ya tarbe su, ya dafa kafaɗar wani dogo da Najiba ta sani da Dash kawai, ya ce da Turanci wannan ne mijinsa, wanda marigayiyar take so fiye da ɗan cikinta. Hajiya ta juyo tana jiran fassara.

"Ya ce abokinsa ne," in ji Najiba, idonta a kan kular tuwo. "Abokin aikinsa."

Dogon ya rusuna har ƙasa. "Sannu da zuwa, Mama. Kin sha wahalar tuwo."

Hausa ce tsaf, irin ta Jos.

"Dachung, ya haƙuri?" in ji Hajiya. "Rashin suruka irin wannan ai rashin uwa ne."

Najiba ta nemi inda za ta sa fuskarta ta rasa. Ashe duk Asabar, in ta tafi aiki, Hajiya da Dachung suna haɗuwa a ɗakin injin wanki na ƙasa, kuma duk abin da rariya ta tace shi yake mayar mata da shi ɗanye. Nan take Hajiya ta sa Dachung ya gaya wa Markus cewa uwarsa ba ta taɓa tambayar addininta ba kafin ta miƙo mata kujera, don haka ita ma ba da tambaya ta zo ba, da tuwo ta zo. Wannan karon babu kalmar da ta ɓata a hanya.

A kan hanyar komawa Najiba ta daure ta ce, "Umma, tun yaushe?"

"Tun ranar kaloli. Abin da na sani na addinina yana nan, maƙwabcina ma yana nan. Ke kuma mun bar ki ne don in kin fara kame-kame, ni da Dorkas har zungurin juna muke."

Ta tura ƙofa, ta cire mayafi.

"Gobe ki je ki karɓo min kulata. Ki ce wa abokin aikin nan ya wanke ta da kyau."