Duwatsun Laimar Sekar

Wata yarinya tana kwance a kan ƙanƙarar filin wasan zamiya tana kuka, riƙe da wuyan hannunta, lokacin da Koci Melani ta durƙusa ta tsinto abin da ya kayar da ita. Wani ɗan jan dutsen ado ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ɗora shi a tafin hannu, ta zamo zuwa bakin shinge inda iyaye ke zaune cikin rigunan sanyi, ta ja ta tsaya a gaban Imas.

"Daga laimar Sekar ya faɗo. Wa ya liƙa mata waɗannan?"

Imas ta dubi 'yarta. Sekar na tsaye a tsakiyar filin, laimar takarda buɗe a kafaɗarta, duwatsun suna walƙiya a kewayen bakinta. Imas ce ta liƙa su da hannunta jiya da la'asar, da gam ɗin gyaran takalmi, saboda ta gaji da ganin kayan 'ya'yan masu hali suna ƙyalli na 'yarta ba ya yi. Kuma ta san dokar sarai, kowace uwa a wurin ta san ta: duk abin da yaro zai riƙe ya shiga fili da shi, kada a sa masa abin da zai iya faɗowa, don ko tsinke ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiya ya taka sai mutum ya kife.

"Nini Onah ce ke haɗa mata kayan wasa," Imas ta ji bakinta ya faɗa.

Tsohuwar na zaune a gefenta, da gorar shayin citta a cinya. Ta juyo ta dubi Imas, ta daɗe tana kallonta, sannan ta mai da ido ga kocin.

"Ni ce, 'yar nan. Ido ne ya tsufa bai daina son ado ba. A yi haƙuri."

Koci ta ce, "Haba Kaka, da girmanki? Dubi hannun Kirana. Ki yi min alfarma, kada ki ƙara zuwa bakin filin nan har a gama gasa."

Uwar Kirana, wadda ke ƙoƙarin cire wa 'yarta takalmi, ta ɗago kai ta ce, "Abin da ake gudu ke nan in aka kwaso 'yan rawar biki aka kawo cikin mutane."

Nini Onah ta rufe gorarta ta miƙe a hankali.

Bango ɗaya ne ya raba gidan Imas da na tsohuwar, a wani matsattsen lungu na birnin Bandung inda babur biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya tsaya. A ƙuruciyar Nini Onah ba a yin bikin da ya isa a unguwar ba tare da rawarta ta laima ba. Da Sekar ta fara koyon zamiyar ƙanƙara a saman benen babban kantin gari, aka ce za ta shiga gasar da ake rawa da abu a hannu, tsohuwar ce ta ɗauki ragamar. Ita ta goge tsinin gorar laimar ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa kowanne hular roba. A tsakar gidanta take sa yarinyar juyi da safa a kan tayil.

"Kar ki damƙe ta kamar kin kama ɓarawo. Sassauta. In kin ji za ki faɗi, kai ta bayanki, kada ta riga fuskarki isa ƙasa. Ke da kike yawo a kan wuƙaƙe, ba sai kin ƙara da mashi ba."

Sekar takan yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Motar haya ce ta mai da su gida ranar. Sai da suka sauka a bakin lungu, Sekar ta yi gaba da jakarta, tsohuwar ta taɓa hannun Imas.

"Ki jiƙa yatsun nan a ruwan ɗumi da ɗan mai, gam ɗin zai fita."

Imas ta dunƙule hannun. Ta buɗe baki, sai ga mai sayar da kunun shinkafa ya turo amalankensa tsakaninsu. Kafin ya wuce tsohuwar ta shige gida.

An ce tsagewar ƙashi ce Kirana ta samu, ta fita daga gasar. Imas ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa wa Koci Melani, amma duk lokacin da ta ɗauki waya sai ta tuna za a iya cire Sekar ita ma, bayan wata da watanni na sammako. Sai ta ce wa ranta bari a gama gasar tukuna. Ta aika wa tsohuwar miyar kaza, aka dawo da kwanon a wanke, cike da soyayyar ayaba. Ita da kanta ba ta shiga ba. Takan ji tarin ta bango, sai ta ƙara muryar rediyo.

Ran gasar da safe suna fitowa suka tarar da ita zaune a dakalin ƙofarta, ta yi kwalliya, ta sa rigarta ta zuwa biki mai ruwan ganye. Laimar na kan cinyarta. Ta kankare gam ɗin kaf, ta zana jajayen furanni da fenti a gurbin duwatsun.

"Ungo, uwar ɗakina. Wannan ko girgiza ta kika yi kamar tabarma babu abin da zai faɗo."

Sekar ta rungume ta. "Kaka, ke ma zuwa za ki yi?"

"In uwarki ta yarda. Can baya zan zauna, cikin 'yan kallo. Wa zai lura da tsohuwa?"

Imas ta hango fuskar uwar Kirana a ranta. Ta hango tsohuwar zaune, ita kuma tana kauce wa idonta yini guda.

"Inna, kin ji abin da koci ta ce. Ga sanyin wurin, ga tarin nan naki."

"Haka ne kam." Ta shafa ƙirjinta. "Dama tun asuba nake jin kamar an ɗora min buhun shinkafa a nan."

"In mun dawo sai in kai ki asibiti. Ki shiga ki kwanta."

"To. Ku yi sauri, ga direba can yana ta hon kamar ubansa ne ya gina lungun."

Sekar ta yi wasanta babu tangarɗa. Ta buɗe laimar daidai inda ganga ta shigo a cikin kiɗan, ta yi juyi da ita a saman kai, da ƙafarta ta ɗan goce a wajen sauka sai ta kai ta baya kamar yadda aka koya mata, ta daidaita. Alƙalai suka ba ta na biyu. Koci Melani ta karɓi laimar ta jujjuya ta, ta ce, "Ashe tsohuwar tana jin magana." Imas ta yi murmushin yaƙe.

Da la'asar sakaliya suka sauka daga mota. Tun daga nesa Imas ta ga 'yar tutar takarda mai ruwan ɗorawa ɗaure a jikin turken wutar lantarki na bakin lungu, irin wadda ake kafawa in an yi rasuwa. An jera kujerun roba har sun tare hanya. Ba ta tambayi kowa ba.

Cecep, ɗan marigayiya Nini Onah, shi ya tarbe su, idanunsa jawur. Ya ce mai kunu ne ya same ta da hantsi a kan dakalin, ta jingina da bango, ya ɗauka gyangyaɗi take. Har an kai ta bayan azahar.

"Mun yi ta kiran wayarki, Yaya."

"A kashe take. Ba a barin waya a wurin gasa."

"Abin da ya ba mu mamaki kwalliyar nan. Ina za ta da rigar biki? Ta gaya miki?"

Imas ta girgiza kai. Sekar ta ɗago ta dubi uwarta, lambar yabon na rataye a wuyanta har yanzu.

Imas ta shiga cikin mata ta kama aiki. Ta wanke kofuna, ta zuba shayi, ta sake wanke waɗanda ta riga ta wanke. Can Sekar ta same ta a bakin famfo a bayan gidan.

"Mama, za ki gaya wa Koci?"

"Zan gaya mata. Da ita da uwar Kirana."

"Yaushe?"

"Gobe."

"Kaka fa?"

Imas ta rufe famfon. Yarinyar ta ɗan jira, sannan ta koma ciki wajen masu addu'a.

Hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, yayyafi ya fara buga kwanon rufi. A kan igiyar bayan gidan akwai shanyar tsohuwar da babu wanda ya tuna da ita: zane biyu, ɗankwali, da farin mayafin salla. Imas ta kwashe su kafin su jiƙe. Sauran ɗumin rana na jikinsu. Ta ninke su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa rungume da su, ruwan yana ƙara ƙarfi.