Injin da Bakanike Ya Ɗaga

Duk wanda ya taɓa zama a garejin Bakanike ya san labarin: yana saurayi ya rungumi injin mota ya ɗaga shi kaɗai, har aka ɗauke shi hoto. Hoton dai ruwa ya cinye shi tuntuni. Saura fim ɗin, baƙar ledar nan da ake wanke hoto da ita, yana cikin wani gwangwanin alewa. In an yi masa musu sai ya ce, "Shaida na gida." Ya faɗa ya faɗa har shi kansa ya manta yadda aka yi.

Matarsa ce ta tayar da balli. Ta ji akwai na'ura, sikana, mai mayar da fim hoto a kwamfuta. Innarta ta rasu shekara ashirin, kuma ba ta da fuskarta ko'ina sai cikin gwangwanin nan. Ta matsa masa har suka tafi shago.

Mai shago ya jera musu guda uku. Bakanike ya ƙwanƙwasa ta farko da yatsa, ya ɗaga ta ya jijjiga.

"Wannan ai ko nauyi babu."

"Maigida, ba batir kake saye ba. Murfin za ka duba. Fim sai haske ya ratsa shi ta sama. In babu fitila a murfi, ta takarda ce, ka wuce."

Suka wuce. Nan wayar matar ta yi ƙara, ta fita waje tana "Ban ji ki ba!" Bakanike ya yi wuf ya zaro nasa fim ɗin.

"Gwada min wannan a ta tsakiyar."

Mai shago ya hure ƙura, ya jera fim a mazauninsa, ya rufe. Na'ura ta yi gunji, sai ga saurayi a allo, ƙirji a waje, inji a hannu. Hoton dishi-dishi, amma ko makaho ya san ƙato ne.

"Ka gani? Ni ne nan!"

"Bari ka ga ta ukun. Ta fi tsada, amma har gashin gira tana fitarwa."

Ta fitar da gashin gira kuwa. Ta fitar da gumi. Ta kuma fitar da wata siririyar sarƙa, daga wuyan injin ta miƙe sama. Bakanike ya ƙura mata ido, sai ranar ta dawo masa tas: ƙarfen rufin gareji, da wanda ke jan sarƙar daga bayan mota yana nishi.

"Kashe. Ta tsakiyar zan saya."

"To me ya faru?"

"Wannan ta cika surutu."

Matar ta dawo, ta miƙa nata fim ɗin. A ta tsakiya aka fara. Ga mace zaune a kujera, ga ɗankwali, amma fuskar kamar an shafa mai a gilashi.

"Ita ce," in ji Bakanike da sauri. "Ga zamanta nan. A naɗe mana."

"Zamanta na zo gani, Baban yara? Malam, sa min a waccan."

Aka sa. Sai ga wushiryar Inna, ga ɗan tabon nan a haɓarta, ga ido ɗaya a kanne kamar za ta yi faɗa. Matar ta kai yatsa ta taɓa allon, ta bar shi a wurin.

Bakanike ya kalli rufi, ya sosa ƙeya. Wannan tsohuwar tana raye ba ta bar shi ya yi ƙarya a gabanta ba, ga shi ta mutu ma ba ta fasa ba.

"Naɗe ta ukun," ya ce.

Matar ta goge ido da gefen mayafi. "To a sa mana na injin, mu ga jarumi."

Ba yadda ya iya. Hoto ya fito. Ta gyara tabarau, ta matsa kusa.

"Wannan zaren fa?"

Mai shago, Allah ya yi masa albarka, ya yi gyaran murya. "Ƙarcewa ce, Mama. Tsohon fim haka yake."

"Ƙarcewa ce," in ji Bakanike.

"Ikon Allah. Ƙarcewa har da ƙugiya a baki?"

Mai shago ya duƙa neman kwali, kafaɗunsa na rawa.

"To, sarƙa ce," Bakanike ya ce. "Amma ni na riƙe shi kada ya yi lilo. Riƙon ma ba na yara ba ne."

"Wa ya ce na yara ne? Malam, buga min manya guda biyu. Inna a ɗakina, wannan kuma a gareji."

"A gareji ba bango."

"Zan riƙe maka shi," ta ce, "kada ya yi lilo."