Ƙofar Cocin da Aka Ja Baya

Da hukumar birni ta ja layin sabon titi, jan fentin ya bi ta tsakiyar ƙofar tsohon cocin. Ginin ya girmi kusan duk gidajen unguwar. Ma'aikatan jirgin ƙasa na farko ne suka gina shi da dutsen da suka fasa da hannunsu, matansu na ɗaukowa a ka. Gobara ta taɓa cinye rufin, amma bangon bai motsa ba, haka ma doguwar ƙofar mai baka, wadda duwatsunta ke riƙe da juna ba ƙarfe ba siminti.

A taron dattawa, wata mai zanen gine-gine da ta tashi a cocin ta miƙe. Kowa Injiniya yake kiranta, in ban da kawunta, babban dattijon cocin, wanda har yanzu Auta yake ce mata.

"Ba za su karkatar da titi saboda mu ba," in ji ta. "Mu sauke ƙofar dutse-dutse, mu ja baya, mu sake tayar da ita."

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa. "Auta, ƙofar coci ce fa, ba rumfar mai shayi ba!"

"Kawu, in ba mu taɓa ta da hannu ba, katafila ce za ta taɓa ta."

Fasto ya dubi dattawa, babu wanda ya kawo wata dabara. Aka amince.

Ta sa kafintoci suka haɗa bakan katako a ƙarƙashin na dutsen don ya ɗauki nauyi. Kowane dutse sai ta yi masa alama da alli kafin a zare shi, a jera a tsakar gida. Kawu kullum yana kan benci yana kallo, ko gaisuwarta ba ya amsawa da kyau.

Ranar da aka zo kan dutsen tsakiya, wanda ya kulle bakan daga sama, igiya na ɗaga shi ya rabe biyu. Ashe tsohuwar gobarar ta tsaga shi ta ciki. Wata mata ta fashe da kuka. Magina suka ce a sassaƙa sabo kawai.

Injiniya ta tsuguna tana shafa ɓarin. "Wannan ɗin zai koma," ta ce.

Ta huda ɓangarorin biyu a hankali, ta zura sandunan tagulla, ta cike tsagar da kwaɓin farar ƙasa irin na masu ginin farko. Karon farko bai kama ba. Ta kankare, ta sake. Ana haka sai ga Kawu ya taso da lema, ya tsaya a kanta yana kare kwaɓin daga rana.

"Ba don ke ba ne," ya ce. "Don dutsen ne."

Kafin motocin titi su iso, bakan ya tsaya a sabon wurinsa. Da aka zare katakon, kowa ya zuba wa bakan ido. Ƙura kaɗan ta zubo, shi ke nan.

Ran Lahadi aka buga ƙararrawa, jama'a suka shiga ta ƙarƙashinsa suna ɗaga kai. Injiniya ba ta kai ƙarshen wa'azi ba, barci ya kwashe ta a bencin baya, Fasto kuwa ya hana a tashe ta.