Rabin Layi a Takardar Malam Surajo

Malam Surajo ya rubuta "Ni Surajo Hamma na" ke nan sai bakin alƙalamin ya karkace a ƙarƙashin yatsunsa, wani ƙaton ɗigon tawada ya faɗo ya baje daidai inda kalma ta gaba za ta zauna. Ya tsaya yana kallon baƙin yana cin farar takarda a hankali. Ya taɓa bakin ƙarfen da ɗan yatsa, ya ji yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita.

Takardar saki ce yake rubutawa, a kan jakar littattafai da ya ɗora bisa gwiwa, a ɗakin haya guda ɗaya da ke bayan wani shagon siminti a Talata Mafara. Wata goma sha ɗaya ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen da yake hedimasta a yankin Faru, makaranta ta rufe, kowa ya kama gabansa. Ya kai matarsa Ummulkhairi gidansu a Dakko, ya ce mata ta ɗan zauna, da ya samu gida zai zo ya ɗauke ta. Gida bai samu ba. Ɗakin da ya samu tabarma biyu ba ta shimfiɗuwa a cikinsa, banɗaki kuma na mutum tara ne. Kunya ta hana shi zuwa a watan farko, a wata na uku kunyar rashin zuwan ta hau kan ta farko, daga nan ko ya ɗauki waya sai ya ajiye, don bai san da wace kalma zai fara ba. Da safiyar nan yayanta Gidaɗo, wanda ya shigo cin kasuwar Talata, ya tsaya a ƙofar ɗakin bai ko cire takalmi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce iyaye sun gaji da kallon ɗiyarsu ba aure ba zawarci. Zai koma bayan la'asar, yana tashar Bakura, a kawo masa takarda.

Akwai biro biyu a aljihun rigar da ke rataye a ƙusa. Surajo ya san suna nan. Amma duk abin da ya taɓa rubutawa mai nauyi a rayuwarsa da wannan alƙalamin ya rubuta, sunayen ɗalibai a takardun shaidar gama firamare, da wasiƙun da ya riƙa aika wa Ummulkhairi tun tana 'yar sakandare. Ya ga kamar wulaƙanci ne a sallami mace irinta da biron da ake sa hannu a rajistar ma'aikata.

Lalacewar alƙalamin kuma laifinsa ne, ya sani. Tawadar kwalba ta ƙare masa tun watan jiya, ya zaga shagunan littattafai aka yi ta yi masa dariya, wa yake sayen irin wannan yanzu. Sai ya roƙi malamin da ke limanci a masallacin unguwa ya ɗiba masa tawadar allo. Kwana biyu ta yi rubutu baƙi wuluk mai sheƙi, har ya yi murna. A rana ta uku alƙalami ya toshe. Ya cizge bakin ƙarfen da ɗan baƙin harshen da ke kwance a ƙarƙashinsa, wanda ke jawo tawada, ya sakace su da allura ya mayar. Tun daga ranar ba su sake zama daram ba. Ya naɗa musu zare, abin ya ƙara lalacewa.

Ya ninke takardar da ta ɓaci ya sa a aljihu, ya naɗe alƙalamin a hankici, ya fita.

Kasuwa ta cika ta batse. Masu shinkafar Bakalori sun jera buhuna, 'yan acaɓa suna kutsawa tsakanin masu tumaki, kowa da wanda yake kira da suna. Shi kaɗai ne babu mai kiransa. A ƙauye ba ya taku goma ba a ce "Hedimasta, barka da hantsi" ba. A nan kuwa wani dogon mutum ne kawai mai tawada a yatsu.

Baba Elijah, wanda 'yan kasuwa ke kira Iliya mai agogo, yana zaune a inda ya saba, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da mai shayi, da akwatin gilashi cike da agogunan da masu su ba su dawo ba. Tsohon mai buga tafireta ne a sakatariya, ya zo garin tun yana saurayi. Matarsa Ruth ta rasu a nan, 'ya'yansa suna Jos suna ta kiransa ya koma, shi kuwa ya ce bai san kowa a can ba. Ya buɗe hankicin, ya ga zaren da aka naɗa, ya ɗago ya dubi Surajo ta saman tabarau.

"Hedimasta, kaciya ka yi masa ne?"

Surajo ya yi ɗan murmushi, na farko a ranar. Baba Elijah ya warware zaren, ya zare bakin da harshen da yatsu biyu ba tare da wani ƙarfi ba, ya kai hancinsa ya sunsuna. Ya tambaya wace tawada ce wannan. Da ya ji amsar sai ya ajiye kayan ya yi dariya har da tari, ya ce shekara arba'in yana garin nan, wannan ne hedimasta na uku da ya kawo masa irin wannan aika-aika. Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta don ta kama itace. Alƙalamin kara ba ruwansa, ana tsoma shi ne a goge. Amma wannan yana da 'yan hanyoyi a cikin harshensa sirara kamar gashi, ƙaro na bushewa a ciki ya zama dutse.

Ya karɓo ruwan ɗumi a kofi wurin mai shayi, ya jiƙa bakin da harshen a ciki, ya shiga goge harshen da tsohon buroshin haƙori. Ruwan ya yi baƙi, ya zubar, ya sake. Bai yi sauri ba, Surajo ma bai ce ya yi sauri ba. Ya zauna a benci yana kallon hannun tsohon, yana jin wani irin sauƙi da ya ba shi kunya: muddin alƙalamin nan yana cikin kofi, Ummulkhairi matarsa ce. Aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo, ya tarar an shanya su a kan jarida.

Baba Elijah ya nuna masa cikin wuyan alƙalamin. Akwai wani ɗan gurbi da aka yi wa bakin ƙarfen, in ba a nan ya shiga ba ko shekara za a yi ana turawa ba zai zauna ba. Surajo a karkace ya cusa shi. Tsohon ya ɗora bakin a kan harshen, ya daidaita tsagar da tsakiya, ya tura su tare har suka tsaya. Ya girgiza, babu rawa. Amma bai gamsu ba. Ya yago gefen jarida ya zura tsakanin ƙarfen da harshen, takardar ta shige salin alin.

"Ka gani? Allurarka ta ɗaga shi. In iska na wucewa nan, tawada ko ta ƙi zuwa ko ta zo gaba ɗaya."

Wannan karon tafasasshen ruwa ya karɓo. Ya tsoma kan alƙalamin, harshen kawai, yana motsa leɓe yana ƙirga, ya fitar ya matse ƙarfen da harshen tsakanin babban yatsa da manuni, ya riƙe har suka huce. Sau biyu ya yi haka. A na biyun takardar ta ƙi shiga. Daga ƙasan akwatinsa ya zaro wata 'yar kwalbar shuɗiyar tawada da ta yi saura tun zamanin aikinsa, ya ɗura, ya goge bakin da tsumma.

Sai ya ce a gwada. Surajo ya laluba aljihu, abin da ya fito shi ne takardar safe. Baba Elijah ya karɓa ya shimfiɗa a kan gilashin akwatin, ya ga rabin layin da ɗigon baƙin, bai san ko ta mece ce ba. Ya miƙa masa alƙalamin.

"Yawwa, ga ma inda ya tsaya maka. Ƙarasa abin da ka fara mu ga ko zai sake zubarwa. Gwaji ne kawai."

Surajo ya karɓa. Alƙalamin ya zauna a hannunsa kamar da, bakin ya tsaya cak a kan takarda, bayan ɗigon. Kalma biyu suka rage. Ya san abin da tsohon bai sani ba, wannan magana ba ta da gwaji. In ya rubuta ta da niyyar da ya tashi da ita, ko a gefen jarida ne, ko ya yaga ya watsa a kwata, ta auku. Da safe hannunsa ya tafi da gudu, don bai ba kansa damar tunani ba. Yanzu ya yi awa huɗu a benci. Ya ga Ummulkhairi ranar da ya sauke ta a Dakko, tana tsaye a bakin zaure da ƙullin kayanta, ba ta yi kuka ba, ta ce masa kawai ya riƙa cin abinci.

Ya matsar da hannu can ƙasan takardar ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu, ya yi 'yan da'irori. Tawada ta bi shi sumul, shuɗiya, ba ɗigo ba yankewa. Baba Elijah ya ce ya warke, ya ba shi kwalbar ya ce ya tafi da ita, shi ba shi da wanda zai rubuta wa.

Bayan la'asar ya sami Gidaɗo a tasha, zaune a kujerar gaban wata tsohuwar mota, da buhun gishirin shanu a ƙafafunsa. Suka sake gaisawa kamar ba su haɗu da safe ba. Sannan Gidaɗo ya miƙo hannu ta taga.

"Ban rubuta ba, Yaya."

"Alƙalami ne babu cikin garin ga duka?"

"Akwai. Yanzu anka gyara shi. Abu guda nike son in sani. Ita ta ce a amso mata, ko ku kunka yanke?"

Gidaɗo ya janye hannunsa. Ya ce ita ba ta ce komai ba. Wata goma sha ɗaya ana tambayarta, ba ta ce a amso ba, ba ta ce a bari ba. Ya ce bai taɓa ganin mutum biyu masu taurin baki irinsu ba, kuma shi ya gaji da zama ɗan aike tsakanin bango da bango.

Ɗan kamasho yana buga rufin motar yana cewa saura mutum ɗaya. Surajo ya dubi kujerar baya, inda wata tsohuwa ta matsa da kwandon kajinta. Ba shi da gida, ba shi da tsaraba, rigar jikinsa ma da tawada a bakin aljihu. Ya buɗe ƙofar.

Gidaɗo ya waiwayo. "Malam, kada ka ce ban gaya maka ba. Tana iya ƙin fitowa."

"To," in ji Surajo. "Sai in zauna zaure."

Ya ja ƙofar, ba ta rufu ba sai da ɗan kamashon ya doke ta daga waje.